Wasan D&D a Intanet: Shin Biyan Kuɗin Wata-Wata Ya Cancanta?

Duk wanda ya kalli Stranger Things ya ga yaran nan sun kewaye tebur a ɗakin ƙasa, suna jefa ƙwaya suna ihun Demogorgon. Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, a taƙaice D&D, kuma shi ne aka yi wa fim a 2023 mai suna Honor Among Thieves, wanda Chris Pine da Michelle Rodriguez suka fito a ciki. Idan fim ya ja ka ka shiga intanet neman wasan, ba za ka yi nisa ba za ka ci karo da shafukan da ke cewa ka biya kuɗi duk wata. To yau zan warware muku abin da ake sayarwa a wuraren nan, da wanda ya kamata ya biya, da wanda ya kamata ya riƙe kuɗinsa.

Wane irin wasa ne?

A Amurka aka ƙirƙiro shi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974, yanzu kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda shi ma yake ƙarƙashin Hasbro. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya zama jagora, shi ake kira Dungeon Master. Kamar mai ba da tatsuniya yake, sai dai a nan masu sauraro su ne jaruman labarin. Kowa zai ƙirƙiri jaruminsa, mayaƙi ko ɓarawo ko mawaƙi, ya faɗi abin da yake so ya yi. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta nuna ko ya yi nasara. Ba a sa kuɗi a ci ko a cinye. Kayan wasan asali dai littafin dokoki ne, da takarda, da biro, da ƙwaya.

Kashi na farko: kayan aikin wasa

Babban shafi a nan shi ne D&D Beyond. An buɗe shi a 2017, Hasbro ta saye shi a 2022 kan dala miliyan 146.3. Shi ke yi maka lissafin ƙarfin jaruminka da makamansa, ba sai ka yi ta goge takarda ba. Rajista kyauta ce, kuma da ita za ka iya ajiye jarumai har 6. Matakan biya biyu ne. Hero yana cire maka wannan iyakar. Master kuma yana ba ka damar raba littattafan da ka saya da abokan wasanka.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami: kuɗin wata ba ya ba ka manyan littattafan wasan. Player's Handbook da Monster Manual da sauransu daban ake sayensu. Wato wanda ya biya Master alhali bai sayi littafi ko ɗaya ba, ba shi da abin da zai raba wa kowa.

Akwai kuma shafukan da ke zame maka tebur idan abokan wasa suna garuruwa daban-daban. Roll20 ya fara a 2012, ana iya wasa a cikinsa kyauta, mai so ya biya don ƙarin wurin ajiya da kwalliyar taswira. Foundry kuwa sau ɗaya ake biya, dala 50, shi ke nan, kuma jagora kaɗai ne zai saya.

Kashi na biyu: kallon wasu suna wasa

Wannan ne ya fi kusa da mu 'yan kallo. Critical Role shiri ne da wasu masu sa murya a katun da wasannin bidiyo suka fara a 2015, Matthew Mercer ne ya jagorance su. A 2019 masoyansu suka tara musu fiye da dala miliyan 11 a Kickstarter, da ita aka fara katun ɗin The Legend of Vox Machina da ya fito a Prime Video a 2022. A 2024 suka buɗe nasu shafin na biya mai suna Beacon. Amma babban shirin yana nan a YouTube kyauta, kamar yadda muke kallon Izzar So. Abin da mai biya yake samu shi ne kallo ba talla, da samun wasu abubuwa da wuri, da ƙarin hirarraki.

Dimension 20 na Brennan Lee Mulligan shi kuma a Dropout yake, shafin da aka buɗe a 2018. Ya fi barkwanci, an fi tace shi, har sun cika zauren Madison Square Garden a Janairun 2025. Wasu zangon suna YouTube, amma yawanci sai mai biya. A nan kuɗinka sabon labari yake saya maka, ba wai saurin gani kawai ba.

Haya ce, ba saye ba

Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe. Duk ranar da ka daina biya, ƙofa ta rufe. Wani lokacin ma ko kana so ka ci gaba, mai gida ne zai tashe ka. A 2008 kamfanin wasan ya buɗe D&D Insider, mutane suka yi shekaru suna biya, daga baya aka rufe shi. Wanda ya sayi littafin takarda a wancan lokacin har yau yana nan a kan kantarsa.

Sai dai masu biya su ma suna da ƙarfi. A Janairun 2023 labari ya fita cewa Wizards of the Coast na shirin tsaurara lasisin da ƙananan marubuta ke amfani da shi. Masoya suka fusata, da yawa suka soke rajistarsu ta D&D Beyond. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki tushen dokokin wasan ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Ribar wannan rigima tamu ce, domin dokokin da za su ishe ka fara wasa suna nan kyauta, ba wanda zai ƙwace su.

To wa ya kamata ya biya?

Idan sabon shiga ne kai, kar ka biya ko sisi. Sauke dokokin kyauta, ka sa manhajar ƙwaya a waya, ka tara abokai uku ku gwada. Sai kun yi wata biyu kuna haɗuwa ba fashi kafin ma a fara maganar kuɗi.

Idan kai ne jagora kuma kuna da zama duk mako, Master zai iya yi muku amfani. Ku haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya sayi littafi ya biya, sauran su karanta ta wurinsa. Biyar su biya Hero kowa nasa, wannan asara ce.

Idan kallo kawai kake so, fara da YouTube. Ka tuna fa kashi ɗaya na Critical Role yakan kai awa uku zuwa huɗu, kuma turanci ne zalla da sauri. Data kaɗai ta isa ta girgiza aljihu, shi ya sa na fi ba da shawarar a saurari na murya, wanda shi ma kyauta ne. In ka ga Dimension 20 ya kama ka, biya wata ɗaya lokacin hutu, ka kalli zangon da kake so, ka soke kafin a sake cire maka. Da dala ake biyan kuɗin nan, kuma da kansu suke sabunta rajista idan ba ka kashe ba.

Ni dai a ganina, wasan da aka faro da takarda da biro bai kamata rashin katin dala ya hana kowa yinsa ba. Ka samu abokan zama tukuna. Idan zaman ya ɗore har lissafi ya fara cinye muku lokacin labari, to a nan ne biyan ya cancanta. Duk wanda ya taɓa gwadawa a cikinku ya faɗa mana yadda ta kaya.