Daga Zangon Fatake Zuwa Bencin Mai Abinci: Tarihin Cin Abinci a Waje a Ƙasar Jama'a

A 'yan shekarun nan, idan sallah ta zo, ko an yi albashi, ko citta ta yi kuɗi, za ka ga magidanci ya kwashi uwargida da yara a Keke Napep sun nufi wani ɗan gidan abinci, ko nan Gidan Waya ko cikin Kafanchan. Samari kuma su haɗa kuɗi su zauna wajen mai shayi ko mai balangu har dare ya raba. Wasu dattawanmu ba sa son abin, suna cewa baƙuwar ɗabi'a ce. Fita da iyali kam sabon abu ne, ba musu. Amma rumfar mai abinci ta daɗe a ƙasar nan, kuma duk wanda ya bi tarihinta zai ga tarihin zamanmu da maƙwabta a cikinsa, daɗinsa da ɗacinsa.

Mu fara da dalilin dattawa, don ba da ka suke magana ba. A al'adar da muka gada, magidanci a zaure yake cin tuwo. A fito da akushi daga cikin gida, maƙwabta su kawo nasu, a haɗa a ci, baƙon da ya yi sallama a ce masa bismillah. Wanda ake gani yana cin abinci a kasuwa ko dai gwauro ne, ko ɗan dako, ko wanda aka yi yaji a gidansa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma sun lissafa cin abinci a kasuwa, ga mutumin da ba irin matsayinsa ba ne, cikin abubuwan da ke rage kamala, har alƙali kan duba wannan kafin ya karɓi shaida. Sai dai ba su ce haramun ne ba. Sun rataya shi ga al'adar gari, kuma matafiyi yana da uzuri. To, kakanninmu kuwa matafiya ne.

Tun wajen 1810 aka kafa masarautar Jama'a a Jama'ar Daroro, tana bin Zazzau. Ta wannan yanki fatake ke ratsawa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi zuwa Keffi da Lafiya, su juyo da gishirin Awe da na Keana da manja. Inda duk ayari ya saba yada zango, nan kasuwa ke tsirowa. Sunan Zangon Katab kansa shaida ne. A zango akwai fatoma mai saukar da baƙi, akwai mahauci, akwai mata masu fura da tuwo da waina. Hatsin da ake tuƙawa kuwa daga gonakin mutanen ƙasa yake fitowa, su kawo dawa da acca da doya, su karɓi gishiri da kanwa. Zamanin yana da nasa tabon, don an yi yaƙe-yaƙe da kamen bayi waɗanda maƙwabtanmu ba su manta ba har yau. Duk da haka, gidan abincinmu na farko shi ne zango, kuma tun ranar farko tukunyar ba ta tafasa sai da hannun ɓangarori biyu.

Jirgin ƙasa ne ya juya komai. A 1927 aka gama haɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Nan da nan Kafanchan ta zama babbar mahaɗa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta koma can, 'yan kasuwa suka bi. Ma'aikatan reluwe suka zo daga kudu, Ibo da Yarabawa da wasunsu, akasari samari marasa iyali, ga albashi duk wata, ga ba mai dafa musu. Jirgi kuma idan ya tsaya shan ruwa da canjin layi, fasinjoji su sauko da yunwa. Kun ga kasuwa ta buɗe ke nan. Matan aure da ke cikin kulle su dafa a gida, yara su kai talla tasha: ƙosai, waina, ɗanwake, dafaffen ƙwai. Zawarawa da tsofaffi, waɗanda ake kira 'yan tuwo-tuwo, su kafa murhu a rumfa. Gefensu Bayarabiya na tuƙa amala, matar Ibo na kwaɓa teba da miyar agushi, matan Kaninkon da Kaje da Kagoro na kawo faten acca. Da layin ya kai Maiduguri a 1964, cinikin ya ƙara haɓaka.

A wannan tasha ne bakinmu ya koyi abincin wasu, nasu ya koyi namu. Abin da ya sauƙaƙa haka shi ne nama. Fawa sana'ar Hausawa ce a garin, sarkin fawa ke kula da mayanka, don haka naman da ke tukunyar Bayarabiya da ta matar Ibo yawanci yankan Musulmi ne. Bahaushe zai zauna ya ci ba ɗar-ɗar, mai abincin kuma ta san abin da ba ya ci, ba za ta haɗa masa cokali da shi ba, don tana son ya dawo gobe. Malamai suka ƙara kwantar da hankali da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi. Amana ce ta kullum, ba a rubuce take ba. Mahauci ya ba mai abinci nama bashi da safe, ta biya da yamma. Ita kuma ta ba lebura abinci bashi har ƙarshen wata.

Karon farko da aka ga benci ya yi fili shi ne 1966, lokacin da aka yi wa Ibo kisan da ya sa suka bar Arewa, sannan yaƙin basasa ya biyo daga 1967 zuwa 1970. Rumfuna suka rufe, mahautanmu suka rasa masu sayen nama, bashin da ke tsakani ya tafi da masu shi. Bayan yaƙi da yawa sun dawo sun sake kafa tukunya. Sai zamanin kuɗin mai ya shigo, naira ta maye gurbin fam a 1973, aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975. Ma'aikaci ya sami abin sayen shinkafa da kaza a waje. A lokacin ne kuma mota ta fara ƙwace wa jirgi fasinja da kaya, har reluwe ta durƙushe a shekarun 1980 da 1990. Masu abinci suka kwashe tukwanensu daga tashar jirgi suka koma tashar mota da bakin titi.

Nan ne rabon Gidan Waya ya tsaga. Can baya, haƙar kuza a wajen Godogodo ta tara leburori, masu abinci suka bi su. Daga baya garinmu ya zama mararraba, motocin Jos da na Keffi da Abuja da na Kafanchan duk ta nan suke bi, direban babbar mota kuwa ba ya wuce inda ya san akwai tuwo mai zafi da wurin alwala. Sai babbar sa'a: Kwalejin Ilimi ta jiha, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977, ta dawo mazauninta na dindindin a Gidan Waya. Ɗalibai suka cika gari, daga kowace ƙabila da addini. Su ne suka saba wa idonmu ganin mace da namiji, malami da ɗalibi, zaune a kujerun roba suna cin abinci ba wanda ya ce uffan. Mai shayi ya ƙara Indomie da ƙwai a tebur. A manyan birane kuma, tun da Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, fita da yara cin abinci ranar hutu ya zama abin ado. 'Ya'yanmu da suka yi karatu ko aiki a Kaduna da Jos suka dawo da ɗabi'ar, suka sauke ta daidai aljihunmu. Ba gilashi, ba na'urar sanyi, sai labule a ƙofa, fanka, buta da kwanon wanke hannu.

Yanzu sai ɓangaren da ba daɗin faɗa. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a kwalejin, tana Kafanchan a lokacin, ya bazu har Kaduna, Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Katab, wanda ya faro daga gardamar mayar da kasuwa wani wuri. A 1999 Kafanchan ta sake kamawa kan naɗin sarauta. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ƙarshen 2016 kuma hare-hare a yankin Godogodo suka jawo dokar hana fita, aka rufe kwalejin wata da watanni. Kowa a unguwar nan ya san yadda garin ya zama a lokacin. Ba ɗalibi, ba ciniki. Mai waina ta sauke tanda, mai nama ya rage yanka, mai acca a ƙauye ya rasa wa zai sayar wa. Yunwar ba ta tambayi kowa addininsa ba.

Bayan kowane rikici, abin da ke daɗewa bai warke ba shi ne benci. Ana iya gyara shago a wata uku, amma mutum ya koma ya ci daga hannun wanda yake zargi, wannan sai a hankali. Unguwanni suka rabu, kowa ya buɗe gidan abincinsa a ɓangarensa. Jita-jita ta shigo: kar ka ci a wurin su wane, za a sa maka wani abu. Mu ma ana faɗin haka a kanmu a can. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, kuma abin a yaba ne. Amma mu 'yan kasuwa muna da namu ma'aunin. Ranar da muka ga ɗan Kaninkon ya zauna wajen mai tsirenmu bayan isha'i bai waiwaya ba, ɗanmu kuma ya ci faten acca a rumfar maƙwabciya ya dawo gida lafiya, ranar muke cewa gari ya zauna.

Abin da ke damunmu shi ne yaran da aka haifa bayan 2011. Da yawansu ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba Musulmi ba, alhali kakanninsu sun yi shekara da shekaru suna yi a tasha. Ga kuma tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, cutar citta kuma ta cinye gonaki a daminar 2023, kuɗi ya yi wuya a hannun kowa, ƙananan masu abinci da dama suna ta rage tukunya. Yawancinsu mata ne masu riƙe da marayu.

Don haka ga shawararmu. Wanda Allah ya hore wa, ya fita da iyalinsa lokaci-lokaci, ba laifi ba ne, aya ta 61 ta Suratun Nur ta ba mu damar ci a tare ko a rarrabe. Abin kunya shi ne magidanci ya ci kaza a waje shi kaɗai, ya bar gida da miyar kuka ba nama. A zaɓi wurin da ba giya, mai tsabta, mai mutunci ga mata. A tambayi inda aka sayo nama cikin ladabi, ba da tsawa ko yatsina ba. Kar salla ta wuce saboda hira. Wanda ya ci bashi ya biya, don jarin mai abinci bai fi na kwana ɗaya ba. Masu gidajen abincinmu kuma su karɓi kowa da fuska ɗaya da mudu ɗaya. Sannan duk wanda yake da abokin ciniki ko abokin aiki daga maƙwabta, ya gayyace shi, ya kuma amsa idan an gayyace shi, yara na gani.

Dattawa su yi haƙuri, zaure bai mutu ba, kuma ba mu ce a bar shi ba. Akushin gida yana nan da albarkarsa. Amma unguwar nan da ciyar da baƙo ta kafu, kuma da shi aka san mu tun zamanin jakuna. Allah ya zaunar da ƙasar Jama'a lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu da tukwanenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.