Yadda Aka Fara Auna Ƙasar Arewacin Kamaru

Ba damuwa da lafiyar mutane ce ta fara kawo na'urar awon tururin nukiliya Arewacin Kamaru ba, neman yuraniyom ne. A Kitongo, kusa da Poli, kudu da Garwa, masana duwatsu na Jamus sun yi haƙa a shekarun 1980, daga baya kamfanin Mega Uranium na Kanada ya karɓi lasisin bincike a 2007. Su arziki suka je nema. Tambayar abin da manomi da mai fasa dutse ke shaƙa kuwa ta makara ƙwarai, duk da dokar kariya daga tururi ta 1995 da hukumar da aka kafa mata a 2002. Sai a 2011 masanin kimiyya Saidu da abokan aikinsa suka wallafa awon da suka yi wa ƙasa da abinci da ruwan Poli.

Dutse irin na giranit yana ɗauke da yuraniyom da toriyom tun halittarsa. Muddin yana binne, cutarwarsa kaɗan ce. Amma da an ɗora masa guduma an mai da shi tsakuwa, ƙura ta tashi ta yi wa mai aiki fari fat a gira da gemu, ta shige huhu. Idan kuma aka yi daɓe ko bulo da ƙasar, iskar radon, wadda ba ta da wari ko launi, tana taruwa a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon ce babbar sanadin sankarar huhu, shi ya sa a 2009 ta ba da shawarar kada ta wuce bekerel 100 a kowace kubik mita ta iskar ɗaki.

Wani zai ce kakanni da wannan ƙasa suka yi gini, kuma yawancin mahaƙu ba su da wani haɗari. Gaskiya ne, babu dalilin firgita. Sai dai kakanni ba su niƙa dutse da inji ba, kuma ɗakin ciyawa yana shan iska fiye da na siminti da kwano. Mutanen Akokan a Nijar sun ga abin da sakaci ke jawowa: a 2009 aka gano tururi mai yawa a titunansu, inda aka yi ciko da tarkacen dutsen mahaƙar yuraniyom. Ya kamata a auna kowace mahaƙa kafin tifa ta kwashi tsakuwarta zuwa Garwa, a kuma sanar da ma'aikata sakamakon da Fulatanci da Hausa.