Rashin daidaito na layi a kasafin kuɗin kasuwanci

Rashin daidaito na layi wata jimla ce ta aljabra da ke nuna cewa wani adadi bai kai wani ba, ko bai wuce shi ba. Ana ce masa na layi ne domin harafin da ke wakiltar adadin da ake nema ba a ninka shi da kansa. Alamomin < da > sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot, masanin lissafi ɗan Ingila, wanda aka buga a 1631 bayan rasuwarsa. A harkar kasafi an fi amfani da ≤, wato "bai wuce ba", tunda ɗan kasuwa yana iya kashe jarinsa duka, amma ba ya iya zarce shi.

Yadda ake rubuta shi

Ana raba kuɗin da ake kashewa gida biyu. Akwai tsayayye, kamar hayar shago, wanda sai an biya ko ba a yi ciniki ba. Akwai kuma mai ƙaruwa gwargwadon yawan kaya, kamar yadi da zare.

A ce tela yana da ₦150,000 na wata guda. Haya da wuta ₦30,000 ne, kowace riga kuma tana cin ₦4,500. Idan x ne yawan riguna:

30,000 + 4,500x ≤ 150,000

Idan aka cire 30,000 daga kowane ɓangare, aka raba da 4,500, za a sami x ≤ 26.67. A nan ɗalibai da yawa suke kuskure, su cike adadin zuwa 27. Riguna 27 za su ci ₦151,500, an haura kasafi da ₦1,500 ke nan. Amsar ita ce 26, kuma x ba zai gaza sifili ba.

Idan telan yana ɗinka wanduna y a kan ₦2,000 kowanne, jimlar za ta koma 4,500x + 2,000y ≤ 120,000. Amsa a nan ba ɗaya ba ce: riguna 20 da wanduna 15 sun cinye kuɗin cif, haka ma riguna 16 da wanduna 24.

Ci gaban fannin

Zaɓen haɗin da ya fi riba a cikin irin waɗannan iyakoki fanni ne mai zaman kansa. Leonid Kantorovich ya aza tubalinsa a Tarayyar Sobiyet a 1939, George Dantzig kuma ya fito da hanyar warware shi a Amurka a 1947.