Likitan Da Bai Iso Ba: Tarihin Kuɗi, Ƙawance Da Horo A Binciken Ciwon Sukari A Ƙasar Sakkwato



Gabatarwa

Watakila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan ciwon sukari, alhali kuwa ga likitoci zaune. To, ban zo don in rubuta wa kowa magani ba. Abin da na zo da shi tarihi ne, wato tarihin yadda aka yi ta neman sanin wannan cuta a jami'o'inmu: wa ya ba da kuɗi, da wa aka haɗa hannu, su wa aka horar, kuma me ya saura a hannunmu bayan baƙi sun koma gida. Zan tsaya ne a Marnona, cikin ƙasar Wurno, mai maƙwabtaka da Rabah da Goronyo, in dubi al'amarin daga can. Dalili kuwa shi ne, manomin wannan yanki shi ne ma'aunin da ya kamata a auna amfanin kowane bincike da shi, kuma a wannan yanki ne Sarkin Musulmin da labarin ya fara da shi yake kwance.

Kafin mu yi nisa, bari mu san cutar a taƙaice. A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. In sinadarin ya ƙare, ko kuma jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Nau'i na farko ya fi kama yara, kuma ba su rayuwa sai da allura. Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, ya fi kama manya, kuma yana tafiya da ƙiba da rashin motsa jiki da gado. Yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye, sai ya taɓa ido ko ƙoda ko ƙafa kana a farga.

Bukatar Sarkin Musulmi Bello

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da Sarkin ya nema daga Ingila har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa. Sarkin kuwa masani ne a wannan fanni, domin ya rubuta littattafai da Larabci a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Ashe ke nan malami ne yake neman abokin aiki.

Turawan sun amsa. A 1825 Clapperton ya sake tasowa tare da likitoci biyu, amma babu wanda ya ga Sakkwato a cikinsu. Ɗaya ya rasu jim kaɗan bayan sun baro Badagiri, ɗayan kuwa ya bi ta Dahome, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi kansa Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. Bayan shekara goma, a 1837, Sarkin Musulmi Bello ya rasu a ribaɗinsa na Wurno, likitan da ya nema bai iso ba. Abin da ya wanzu har yau shi ne abin da ya rubuta da hannunsa, da almajiran da suka yi ta kwafe shi. Ina roƙon ku riƙe wannan a zuci, domin za mu sake gamuwa da shi.

Darasin Toronto

A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani matashin likita, Frederick Banting, ya nemi aron ɗakin gwaji daga Farfesa John Macleod. Aka ba shi ɗakin, aka haɗa shi da wani ɗalibi, Charles Best. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin, ya farfaɗo. Da jami'ar ta ga ba za ta iya sarrafa maganin da yawa ba, sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, amma haƙƙin mallakar maganin ya zauna a hannunta, domin waɗanda suka gano shi sun sayar mata da shi a kan dala ɗai-ɗai. A nan ga abubuwan nan uku sun haɗu: ɗan kuɗi na gida, ɗalibi mai koyo, da abokin hulɗa na waje wanda aka gindaya wa sharaɗi.

Ibadan Da Ƙidayar Farko

A Nijeriya binciken ya soma ne daga Asibitin Koyarwa na Ibadan. A 1963 T. W. G. Kinnear ya buga bayani a kan masu ciwon sukari da ke zuwa asibitin, a 1971 kuma Farfesa B. O. Osuntokun da abokan aikinsa suka buga nazarin majiyyata 832. Waɗannan ayyuka na cikin asibiti ne, wato wanda ya kawo kansa shi kaɗai ake lissafawa. Wanda ya mutu a ƙauye yana yawan fitsari da ƙishirwa, aka ce sammu ne, ba ya cikin littafin kowa.

Sai a 1992 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar da ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya a kan cututtukan da ba sa yaɗuwa, ƙarƙashin kwamitin Farfesa O. O. Akinkugbe. Aka sami kashi 2.2 cikin ɗari na manya suna da ciwon, amma da tazara mai faɗi: kashi 0.65 a karkarar Mangu ta Filato, kashi 11 a birnin Legas. Tun daga nan aka gane cewa cutar tana bin birni. A 1999 Dokta A. G. Bakari da abokansa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nasu awon, suka sami kashi 1.6.

Kuɗin Gida Da Na Waje

Ana cikin wannan aiki ne tattalin arziki ya karye. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ɗakunan gwaji suka bushe, manyan likitoci da dama suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992 shi ya haifar da dokar 1993 wadda ta ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni domin ilimi. A 2011 aka taƙaita wannan asusu ga manyan makarantu, ya koma TETFund, kuma yana da reshe na musamman domin bincike, wanda malamai ke shiga gasa kafin su samu.

Amma manyan kuɗin binciken ciwon sukari daga waje suka fito. A ƙarshen shekarun 1990 Farfesa Charles Rotimi, ɗan Nijeriya da ke Jami'ar Howard a Amurka a lokacin, ya jagoranci wani babban bincike mai suna AADM a kan gadon ciwon sukari, da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH. Cibiyoyinsa na Afirka ta Yamma suna Ibadan da Legas da Inugu da Akara da Kumasi. A 2019 masu binciken suka sanar da gano wata ƙwayar halitta, ZRANB3, mai alaƙa da cutar, bayan nazarin jinin mutum fiye da 5,000 daga Nijeriya da Gana da Kenya. Aiki ne abin yabo, sai dai ku lura: babu cibiya ko ɗaya a Arewa. Baƙo ba ya sauka sai inda ya ga shimfiɗa, wato inda ya tarar da ƙwararre da ɗakin gwaji da rajista mai tsari. Hujjar wannan kuwa ita ce shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ƙaddamar a 2010. Da aka zo binciken shanyewar ɓarin jiki a ƙarƙashinsa, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun shiga, domin an tarar da su a shirye.

Kuɗin waje kuma suna da wa'adi. H3Africa ya kammala a 2022, a 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka tsaya cik. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara. Tun 1990 wani kwamitin duniya ya ba ƙasashe masu tasowa shawarar su ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin lafiyarsu domin bincike, a 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 na kasafinsu. Ma'aikatan kuɗi da ke zaune a nan sun fi ni sanin nisan da ke tsakanin alkawarin da cikawa.

Abin Da Horo Ya Haifar A Sakkwato

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A wannan tsakani ne aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma a 1976, da Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, waɗanda suka ba likita damar ya ƙware ba tare da ya ƙetare teku ba, bisa sharaɗin ya gudanar da bincike na kansa.

Amfanin horon gida ya bayyana a aikin Dokta Anas Ahmad Sabir na asibitin koyarwa na Sakkwato, wanda ya yi tare da Farfesa Simeon Isezuo da kuma malamai daga Legas, irin su Farfesa A. E. Ohwovoriole. A 2011 suka buga sakamakon awon Fulanin birnin Sakkwato: kashi 4.6 cikin ɗari. A 2013 suka buga na Fulanin karkara: kashi 0.8. Jama'a, ku dubi wannan. Ƙabila ɗaya, jiha ɗaya, amma na birni ya ninka na karkara fiye da sau biyar. Mutum kamar 400 kawai aka auna a kowane ɓangare, babu manyan injuna, amma shi ne ya nuna mana cewa sauyin zama da na abinci na iya tayar da cutar ko a cikin mutanen da aka sani da rashin ƙiba. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokansa suka tattara binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya, suka sami kashi 5.77 ga Nijeriya, kashi 3 ga Arewa maso Yamma.

Daɗin daɗawa, wasu ƙofofin horo sun buɗe. Daga 2010 zuwa 2015 shirin MEPI na Amurka ya haɗa jami'o'i shida na Nijeriya, har da Zariya da Maiduguri da Jos, domin koyar da dabarun bincike. A Legas an buɗe cibiyar horar da likitocin yara a fannin ciwon sukari da dangoginsa, da tallafin Gidauniyar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda aka kafa a Denmark a 2002. A nan Sakkwato jami'a tana da cibiyar bincike da horo a fannin likitanci, CAMRET, a 2020 kuma TETFund ta zaɓe ta ta zama cibiyar ƙwarewa a kan ciwon ƙoda da mafitsara. Tun da ciwon sukari yana cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, hikima ita ce a tare ruwa tun daga sama.

Komawa Marnona

To, ina Marnona a cikin wannan lissafi? Alƙaluman karkara da na ambata sun haura shekara goma, karkarar kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya bunƙasa a kwarin Rima. Shinkafar inji tana ture gero da dawa, babur ya rage tafiyar ƙasa, shayi mai sukari da lemon kwalba sun shiga kowace kasuwa. Ga kuma 'yan bindiga da suka tayar da ƙauyuka a gabashin Sakkwato, makiyayi da manomi suka koma zaman gari ba da son ransu ba. Wato sauyin nan da ya raba 0.8 da 4.6 yana faruwa a gaban idonmu, kuma rashin tsaron da ke jawo shi shi ne ke hana mai bincike zuwa ya auna.

Akwai tambayoyin da babu wanda zai ɗauki nauyinsu sai mu. Yaya fura da tuwon dawa da tuwon shinkafa suke ɗaga sukarin jini in an gwada su? Yaya mai allura zai yi azumi a zafin bazara? Ina zai ajiye insulin in babu lantarki? An riga an gwada tukunyar ƙasa a Sudan da wasu ƙasashe an ga tana rage zafi, marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa kuma ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda dabarar sa tukunya cikin tukunya. Mene ne gaskiyar shuwaka da zogale da jama'a ke sha, kuma me suke yi in sun haɗu da ƙwayar asibiti? A nan mu ma masu nazarin harshe muna da aiki, domin takardar tambayoyi da ta neman yardar majiyyaci, in ba a rubuta su da Hausa da Fulatanci na ƙwarai ba, abin da za a tattaro shirme ne.

Kammalawa

Bisa ga wannan tarihi, shawarata uku ce. Ta farko ga ma'aikatan gwamnati: a sa wa bincike layi nasa a kasafin lafiya na jiha, komai ƙanƙantarsa, a kuma buɗe rajistar masu ciwon sukari a asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, a horar da ma'aikatan lafiya 'yan asalin garuruwan su riƙe ta, domin su ne ke iya shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Ta biyu ga hukumar jami'a: kada a sa hannu a wata yarjejeniya sai an rubuta yawan ɗaliban da za a horar, da inda za a ajiye jinin da aka ɗiba da bayanan da aka tara. Ta uku gare ku ɗalibai: ku koyi ƙididdiga da rubuta takardar neman tallafi kamar yadda kuke koyon duba majiyyaci, in kun fita waje ƙaro ilimi ku tafi da tambayar gida a aljihu.

Ba na cewa a juya wa abokan waje baya, ai Sarkin Musulmi Bello da kansa ya neme su. Amma bai naɗe hannu yana jiran su ba, ya ɗauki alƙalami. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya maido da zaman lafiya a gabashin Sakkwato.