Zaɓen Alƙalamin Zane a Fuskar Kwamfutar Hannu: Nazari Daga Yankin Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Yankin Funtua da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, ƙasa ce ta noman auduga da masara da dawa da waken soya. A shekarar 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, kuma aikin malaman gona da ya kafu a kansa yana ci gaba har yau ƙarƙashin hukumar KTARDA. Malamin gona yana zane kullum: yakan nuna wa manomi iyakar gona, da inda kunyoyi za su dosa, da hanyar da ruwa ke bi lokacin marka. Haka telan da ke fitar da aikin wuyan riga, da mai zanen lalle, da mai rubuta allon shago, da ɗalibin zanen gini. Duk wanda ya so ɗauke wannan aiki daga takarda zuwa kwamfutar hannu, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce ta alƙalami. Abin da muke son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, daidaiton zane yana fitowa ne daga jituwar alƙalami da fuskar da yake tafiya a kanta, don haka tare ake zaɓen su, ana kuma gwada su kafin a biya kuɗi.

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Idan muka ce kwamfutar hannu, muna nufin na'urar nan mai faɗi da ake kira tabulet, wadda ta fi waya girma, ba ta kuma da madannai a jikinta. Fuska, ko sikirin, ita ce gilashin da ke nuna hoto yake kuma karɓar taɓawa. Alƙalamin fuska shi ne sandan da ake riƙewa kamar biro a yi rubutu ko zane a kan gilashin, baki kuwa shi ne tsininsa da ke taɓa fuskar. Daidaito, a ma'anar da za mu yi amfani da ita, shi ne layin da ya bayyana ya dace da nufin hannu ta fuskoki uku: ya fito a wurin da baki ya taɓa, a lokacin da ya taɓa, da kaurin da hannu ya nufa. Ya kamata kuma a san yadda fuskar take jin taɓawa. A ƙarƙashin gilashin akwai ragar siraran layukan lantarki waɗanda ido ba ya gani. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, saboda haka idan yatsa ya sauka sai cajin wurin ya canza, na'urar ta lissafa tsakiyar canjin. An tsara ragar ne don kan yatsa mai faɗin milimita da dama, shi ya sa tsinin fensir ko na biro ba ya motsa komai a kanta.

Ire-iren Alƙaluma

Kashi na farko shi ne alƙalamin da ke kwaikwayon yatsa ba tare da batir ba. Wani yana da kan roba mai laushi, wani yana da ɗan faifai mai haske a bakinsa don mai zane ya hango inda tsakiyar take. Shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi gani a teburan masu sayar da kayan waya. Yana aiki a kowace fuska, tun daga wayoyin Tecno da itel har zuwa iPad, amma na'urar ba ta bambanta shi da yatsa. Ba ya jin nauyin hannu, kuma da zarar tafin hannu ya sauka a gilashi sai zane ya ɓaci. Ya wadatar wajen sa hannu a fom ko danna akwatin amsa. Aikin aska takwas na babbar riga kuwa ya fi ƙarfinsa.

Kashi na biyu shi ne mai siririn baki da batir a ciki, wanda ake tallatawa da cewa yana aiki da kowace na'ura. Batirin yana fitar da alamar lantarki da ke sa fuska ta ɗauka yatsa ne ya taɓa ta. Wannan kashi ne ya fi ruɗa mai saye, domin kamanninsa na alƙalami mai tsada ne, alhali na'urar tana kallonsa a matsayin yatsa. Sanannen aibinsa shi ne layi yakan yi karkarwa idan aka ja shi a karkace a hankali, saboda bakin yana tsallaka ramukan ragar ɗaya bayan ɗaya.

Kashi na uku shi ne alƙalamin da ke musayar bayani da fuskar da aka ƙera dominsa, kuma ya rabu gida biyu. Gida na farko yana amfani da fasahar maganaɗisun lantarki da ake taƙaitawa da EMR, wadda kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, ya shahara da ita. A nan akwai faranti na musamman a bayan fuska, shi ke aika wa alƙalami ƙarfin da yake buƙata, don haka rubutu da shi ba ya neman caji. S Pen na Samsung, wanda ya fito tare da wayar Galaxy Note a 2011, yana cikin wannan gida. Na zamanin nan bakinsa milimita 0.7 ne, kuma yana bambanta matakan nauyin hannu 4,096. Gida na biyu su ne masu batir: Apple Pencil da ya fito a 2015, da alƙaluman tsarin MPP na Microsoft, da na AES na Wacom, da na USI da ake samu a wasu kwamfutocin Chromebook. Kowane tsari da yarensa. Apple Pencil ba ya rubutu a fuskar Samsung, S Pen ba ya rubutu a iPad, kuma kwamfutar hannun da ba a sa mata farantin ko tsarin ba tun daga masana'anta, babu alƙalamin da zai ƙara mata shi.

Ma'aunan Daidaito

Ma'auni na farko shi ne saɓanin wuri, wato tazarar da ido ke gani tsakanin baki da layin da ya fito. Dalilinsa kaurin gilashi ne da kuma iskar da ke tsakaninsa da ainihin abin da ke nuna hoto. A wasu na'urori an manne su wuri guda, tazarar ta ragu ƙwarai. A wasu, kamar iPad mai sauƙin farashi, an bar sarari a tsakani. Saɓanin yakan ƙaru a gefen fuska da kuma lokacin da aka kwantar da alƙalami. Ga telan da ke son layukan zare biyu su haɗu a kusurwa guda, rabin milimita ma abin lura ne.

Na biyu shi ne jinkiri, wato lokacin da ke tsakanin motsin hannu da bayyanar layi, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyinsa. Idan hannu yana tafiyar santimita 30 a sakan, jinkirin milisakan 50 yana barin layi a bayan baki da milimita 15, na milisakan 10 kuma da milimita 3 kacal. Saurin sabunta hoto yana da hannu a ciki: fuskar da ke sabuntawa sau 60 a sakan tana ɗaukar kusan milisakan 17 kafin ta nuna sabon abu, mai sau 120 kuma kusan 8. Apple a 2019 da Samsung a 2020 sun sanar da jinkirin milisakan 9 a manyan na'urorinsu. Manhajar zanen ma tana ƙara nata, musamman a na'ura mai ƙaramin ƙarfi.

Na uku shi ne jin nauyin hannu da karkatar alƙalami, waɗanda su ne ke ba layi kauri da siranta. Almajiri yakan fere alƙalaminsa na kara gwargwadon rubutun da zai yi, mai kauri ko siriri; a nan dannawa ce ke yin aikin firar. Yawan matakan da aka rubuta a kwali, 4,096 ko 8,192, bai kai wani abu muhimmanci ba: ƙaramin nauyin da alƙalami ke fara ji. Wanda sai an danna shi da ƙarfi yake fara rubutu ba zai fitar da siririn reshen lalle ba. A lura kuma cewa Apple Pencil mai USB-C na 2023 ba ya jin nauyin hannu, haka yawancin alƙaluman iPad masu araha na wasu kamfanoni, ko da yake suna rubutu a daidai wuri. Na huɗu shi ne watsi da tafin hannu, wato fuska ta ƙyale hannun da ya kwanta a kanta ta saurari alƙalami kaɗai. Alƙaluman kashi na uku ne kawai ke samun wannan yadda ya kamata, kuma shi ke ba mai zane damar kafa hannunsa kamar a takarda.

Yanayin Yankinmu

Abubuwa huɗu na wannan yanki suna shiga cikin zaɓe. Na farko wutar lantarki: malamin gonar da zai wuni a ƙauyukan Bakori ko Kafur ko fadamun Danja ya fi samun natsuwa da alƙalamin EMR, tunda tabulet ɗin kaɗai zai yi wa tanadin caji. Sai dai wannan fasaha ba ta jituwa da maganaɗisu, kuma rigar tabulet mai maganaɗisu marar inganci takan sa layi ya karkace ko ya yanke a wani sashe na fuska. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin baki da gilashi ta kankare su duka biyu. A riƙa goge fuska da tsumma mai laushi kafin zane. Ledar kariya mai kaushi tana rage santsi da ƙyallin rana, amma tana saurin cinye baki. Na uku gumin bazara, domin danshi yana ruɗa ragar da ke jin yatsa. Safar zane mai rufe ƙaramin yatsa da na kusa da shi tana magance wannan. Na huɗu kasuwa. Baki abu ne mai ƙarewa, don haka kafin a sayi alƙalami, a Funtua ne ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, a tambayi inda ake samun bakinsa, a kuma sayi na ajiya tun a ranar.

Hanyar Gwaji Kafin Saye

Matakin farko shi ne duba cikakkiyar lambar samfurin tabulet, a tabbatar da tsarin alƙalamin da take karɓa, domin suna ɗaya yakan ɗauki samfura daban-daban. Galaxy Tab S6 Lite na 2020 yana zuwa da S Pen a cikin kwalinsa, yawancin samfuran Galaxy Tab A kuwa ba sa karɓarsa. iPad mai sauƙin farashi ya fara karɓar Apple Pencil ne daga samfurin 2018, kuma ba kowane Pencil ne ke aiki da kowane iPad ba. Wannan dubawa ta fi zama dole ga mai sayen na hannu. Bayan haka a buɗe manhajar zane a gaban mai shago. A ɗora rula a karkace a ja layi a hankali, a duba ko ya miƙe. A ɗiga ɗigo a kusurwoyi huɗu da tsakiya, a duba ko ya faɗi ƙarƙashin baki. A ja layi daga sassauci zuwa dannawa, a ga ko kaurinsa yana ƙaruwa sannu a hankali. A kwantar da tafin hannu a rubuta suna. A ƙarshe a zana da'irori da sauri don ganin jinkiri. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi waɗannan 'yan mintuna ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya jera buƙatu bisa aiki. Mai cike fom da sa hannu, alƙalamin roba ya ishe shi. Malamin gona yana buƙatar watsi da tafin hannu da rashin dogaro da caji, yana kuma sane da cewa zanensa na bayani ne, awon faɗin gona kuwa aikin igiyar awo ne ko na'urar GPS. Tela da mai lalle da ɗalibin zane suna buƙatar ƙaramin saɓanin wuri da kyakkyawan jin nauyin hannu, waɗanda ba a samun su sai a kashi na uku. Ga wanda bai sayi tabulet ba tukuna, ya fara da tantance irin zanen da zai yi, sannan ya nemi na'urar da ke da alƙalaminta, ko da ta hannu ce. Ga wanda ya riga ya mallaki wadda ba ta da tsarin alƙalami, ya fi masa alheri ya yi zanensa a takarda ya ɗauki hotonsa, ya adana kuɗinsa har ya iya sauya na'urar, da ya kashe su a alƙalamin da fuskarsa ba za ta gane ba.