Tanderun Masar: inda ake ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ba

Idan kaza ta shiga kwanci, kwana 21 take yi a kan ƙwayayenta kafin 'yan tsaki su fito. Bayan nan sai ta kwashe wasu makonni tana yawo da su, tana tono musu abinci, tana kare su daga shirwa. Duk tsawon wannan lokaci ba ta yin ƙwai ko ɗaya, kuma abin da za ta iya rufewa da fukafukanta bai cika wuce goma sha biyu zuwa goma sha biyar ba. Wannan lissafi duk mai kiwon kaji a gida ta san shi. Mutanen Masar ne suka fara samo hanyar kauce masa, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, da tubalin laka da kashin shanu da kuma fatar ido.

Kaza ba 'yar asalin Masar ba ce. Daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya kakanninta suka fito, kuma a zamanin Fir'aunoni na farko agwagi da dinya da tattabaru aka sani a bakin Kogin Nilu. Akwai wani ɗan guntun dutse mai zanen zakara da Howard Carter ya tsinta a Kwarin Sarakuna, wanda ke nuna cewa tsuntsun ya iso ƙasar fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma a matsayin baƙon abu na kallo. Sai a ƙarnonin ƙarshe kafin miladiyya kaza ta zama ta kowa.

Da ta zama ta kowa kuwa, sai baƙi suka fara kawo labari mai ban mamaki. Aristotal, a ƙarni na 4 kafin miladiyya, ya rubuta cewa a Masar ana binne ƙwai cikin taki ya ƙyanƙyashe da kansa. Ji ya yi, bai gani ba, shi ya sa bayanin ya zo a karkace. Diyodoros, ɗan tsibirin Sisili da ya ziyarci ƙasar a ƙarni na 1 kafin miladiyya, ya fi shi kusa da gaskiya: ya ce masu kiwon kaji da dinya ba sa barin tsuntsayen su yi kwanci, da dabararsu suke ƙyanƙyashe ƙwai masu ɗimbin yawa. Malamin Bagadaza kuma likita, Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Alƙahira a wajen shekarar 1200, ya bayyana gidajen ƙyanƙyasar dalla-dalla a littafinsa kan abubuwan da ya gani a Masar. Shi kuwa wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ailan mai suna Simon, da ya bi ta Alƙahira a 1323 a hanyarsa ta zuwa Ƙudus, ya rubuta cewa a can wuta ce ke fitar da 'yan tsaki, ba zakara ba kaza. Ya yi kuskure rabi da rabi. Wuta tana iya maye gurbin kaza mai kwanci, amma ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba, ko shekara zai yi a ɗumi baragurbi zai zama.

Ginin kansa ba wani abin kallo ba ne daga waje. Katanga ce mai kauri ta tubalin laka, da ƙofa 'yar ƙarama. A ciki akwai wani siririn lungu, ga ɗakuna a jere dama da hagu, kowane ɗaki hawa biyu. A ƙasa ake shimfiɗa tabarma ko ƙaiƙayi a jera ƙwai dubbai. A sama ake hura wuta a wasu 'yan kwaruruka da ke gefe, da busasshen kashin shanu ko na raƙumi gauraye da kara, irin wutar da ke ci a hankali ba tare da harshe ba. Tsakanin hawa biyun akwai rami da mutum zai iya ratsawa, a ƙubbar rufin kuma akwai wata kafa da ake buɗewa ko a toshe gwargwadon yadda ake son zafi da iska.

Sauran aikin duk yana jikin mutum ne. Ƙwan kaza yana son ɗumi na kusan digiri 38, dare da rana, kuma in ya haura da kaɗan na tsawon lokaci ɗan da ke ciki ya mutu. Mai ƙyanƙyasar ba shi da ma'aunin zafi. Sai ya ɗauki ƙwai ya ɗora a fatar idonsa, nan take ya san ko a ƙara wuta ko a buɗe kafa. Yana rarrafe cikin hayaƙi da duhu yana juya ƙwan da hannu sau da yawa a yini, yana dawo da na gefe tsakiya, na tsakiya gefe, kamar yadda kaza ke yi da baki da ƙafa. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɗaga kowane ƙwai a gaban fitila, ya ware wanda babu ɗa a ciki. A cikin ginin yake kwana, a nan yake cin abinci. Abin da ya fi nuna zurfin saninsu shi ne kashe wutar da suke yi a wajen kwana na goma ko sha ɗaya. Sun gane cewa daga nan 'yan tsakin da ke cikin ɓawo sun fara fitar da nasu ɗumin, sai a raba ƙwan tsakanin hawa biyu a bar kaurin katanga ya riƙe zafi har ranar fitowa.

Edward Lane, Baturen Ingila da ya fitar da littafi kan al'adun Misirawa a 1836, ya ce a zamaninsa irin waɗannan gidaje sun haura ɗari a arewacin ƙasar, a kudu kuma sun fi rabin haka. Wata biyu ko uku ake aikin a shekara, bayan sanyi ya fara raguwa, masu gidajen suna biyan haraji ga hukuma, kuma yawancin masu lura da tanderun Kibɗawa ne, wato Kiristocin Masar. Amma abin da ya fi muhimmanci a bayaninsa shi ne cinikin: mutanen ƙauye su ke kawo ƙwai, a ba su ɗan tsako ɗaya a kan kowane ƙwai biyu. Tun da wanda ke lalacewa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, abin da ya rage a tsakani shi ne ladan mai tanderu. Ke nan tanderun bai raba matar ƙauye da kajinta ba. Daga tsakar gidanta ƙwan ke fita, tsakar gidanta tsakon ke komawa, kazarta kuma ta ci gaba da yin ƙwai maimakon ta zauna kwanci.

Sana'ar ta gado ce. Ƙauyen Barma, kusa da Ɗanɗa a yankin da Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku, shi ya yi suna da ita. Daga can gwanaye ke bazuwa ƙasar idan lokaci ya yi, kuma ba sa koya wa bare.

Turawa sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayo, abin ya ƙi. Sun auna ɗakuna, sun zana taswira, a ƙarni na 17 ma mai mulkin Fulorans a Italiya ya sa an kawo masa gwani daga Masar, duk da haka sana'ar ba ta kafu ba. Yanayin Turai mai sanyi da danshi da saurin canzawa ya ba da nasa cikas, amma babbar matsalar ita ce ginin kawai ake iya kwafa, ba a iya kwafar abin da mutum ya koya tun yana yaro a gindin ubansa. Masanin Faransa Reomir, wanda ya ƙera nasa ma'aunin zafi, ya bi ta wata hanya. Ya gwada ganguna da aka binne cikin kashin doki, ya gwada ɗumin tanderun masu gasa burodi, ya fitar da littafi a kan haka a 1749. Sakamakonsa bai kai na mutanen Barma ba, amma ya mai da zancen lissafi da awo. Sai a 1879 Lyman Byce ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa mai aiki sosai a garin Petaluma na Amurka, na lantarki kuma suka biyo baya a shekarun 1920. Jikokin waɗannan injuna ne ke fitar da 'yan tsakin kwana ɗaya da ake lodowa cikin kwali daga Ibadan zuwa Kano da Kaduna.

A Masar kuwa tanderun laka bai mutu ba. Murar tsuntsaye da ta shiga ƙasar a watan Fabrairun 2006, watan da aka tabbatar da ita a Najeriya ma, ta jawo hankalin hukuma ga waɗannan gidaje, domin wurin da ƙwai ke taruwa daga gidaje da yawa, 'yan tsaki kuma su watsu zuwa wasu gidajen, hanya ce mai sauƙi ga cuta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi su ta duba, ta fitar da rahoto a 2009. Ta same su suna aiki, suna ƙyanƙyashe ƙwan kajin gida da na agwagi domin ƙananan masu kiwo. Fitilun kananzir da na gas sun maye gurbin kashin shanu a yawancinsu, amma har lokacin da hannu ake juya ƙwan, da fatar ido kuma ake auna zafinsa.