Daskarewar Jini a Zuciya Bayan Aikin Sauya Bawul

Gabatarwa

Zuciya tana da ƙofofi huɗu, kowace da marfinta da ake kira bawul, wanda ke hana jini komawa baya. A yankinmu, abin da ya fi lalata bawul shi ne ciwon makogwaro na ƙuruciya da ba a yi masa magani ba. Idan lalacewar ta tsananta, akan sauya bawul ta hanyar tiyata. An fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya a Enugu a shekarar 1974.

Haɗarin da ke biyo baya

Jini yakan daskare a jikin bawul na ƙarfe. Gudan jinin yana iya toshe ƙofar, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka mai bawul na ƙarfe zai sha maganin tsinka jini mai suna wafarin iya rayuwarsa. Mai bawul na tsokar dabba kuwa, galibi watanni 3 zuwa 6 ne kawai.

Gwajin INR

Wannan gwaji ne ke nuna tsinkewar jini. Akasari ana son awon ya tsaya tsakanin 2.0 da 3.5, gwargwadon irin bawul da ƙofar da aka sauya. Idan ya yi ƙasa, jini zai daskare. Idan ya haura, zai yi ta zuba.

Abubuwan kiyayewa

1. Kada a daina shan magani, ko da a watan azumi.
2. Ganyaye irin su zogale da alayyahu suna rage ƙarfin wafarin. Ba a hana cin su ba, amma kada a sauya yawansu kwatsam.
3. Flagyl da Septrin suna ƙara ƙarfinsa, rifamfisin na tarin fuka yana rage shi. A guji asfirin da maganin gargajiya sai da izinin likita.
4. A nisanci ƙaho da sakiya da cire beli a wurin wanzami.
5. Wafarin yana cutar da ɗan tayi, don haka mace ta ga likita kafin ɗaukar ciki.

Alamomin gaggawa

Sarƙewar numfashi, karkacewar baki, haɓon da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, ko raguwar ƙarar bawul da aka saba ji. Da ganin ɗayansu, mazauna Gesse da kewaye su garzaya Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, na Argungu kuma babban asibitin garin.

Muna kira ga hakimai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su san masu irin wannan bawul a yankunansu, su kuma taimaka musu zuwa gwaji a kan kari.